Kankanar Shafi na Casa'in da Ɗaya

A aji na uku, can saman bene, a Basra,
fanka na juyawa kamar mai gyangyaɗi.
Sun zaunar da ni kusa da allo
in ga yadda ake feɗe littafina.

Wata ɗaliba, Intisar, ta miƙe da takarda:
"Kankanar shafi na casa'in da ɗaya ƙasarmu ce,
kore a waje, jini a ciki,
baƙaƙen 'ya'yanta su ne matattunmu."
Aka tafa.
Ni ma na gyaɗa kai, tsufa ya koya mini kara.

'Yata, kankana ce.
Kwana biyu motar ruwa ba ta zo ba,
harshena ya koma tafin takalmi.
Gonar wani ce da ya gudu ya bari,
gabas da kogi, tsakanin raminmu da nasu,
ƙarƙashin dabinon da igwa ta sare wa kai.
Su ma dabinon kun ba su ma'ana.
Mu dai inuwarsu muka rasa.

Na ja ciki cikin dare, ina lalube,
sai hannuna ya taɓa hannu.
Yaro ne, gemunsa bai gama tsirowa ba,
ya rungume tasa a ƙirji kamar jinjiri.
Ya faɗi kalma ɗaya da Farisanci.
Shekara arba'in ke nan,
ban bari kowa ya fassara mini ita ba.

A littafin na sa wa kaina suna Sabah.
Sau goma sha ɗaya na sake rubuta daren.
Sau ɗaya bindigar ta cije.
Sau ɗaya suka raba kankanar da wuƙa,
kowa ya tofar da 'ya'yan ya koma raminsa.
Wannan na fi so.
Nuriya, matata, ta tsince shi a murhu da safe,
rabinsa toka,
ba ta tambaye ni ba, ta ɗora shayi a kai.
Takarda tana karɓar ƙarya,
hannuna ne ya ƙi.

Wani daga baya, mai tabarau, ya ɗaga yatsa:
"Shin Sabah yana da zaɓi?"
Malaminsu ya riga ni:
"Yaƙi dutsen niƙa ne, ƙwaya ba ta zaɓe."
Maganar ta yi sanyi kamar ruwan tulu,
na so in sha.
Amma ƙwaya ba ta da ɗan yatsa.
Ga nawa nan, shi ke riƙe da kofin shayi,
shi ke nuna wa jikana wata.

Na kuma bincike daren nan kamar mai neman allura a ƙaiƙayi,
ina neman inda na ce "to".
Tsakanin ganinsa da ƙarar
babu ƙofa, babu ko tsaga.
In ni na zaɓa, yaushe?
In ba ni ba ne,
don me ni ne ba na barci?

Ban faɗi wannan ba.
Na ce, "Tambayarka tana da kyau,"
na sa hannu a littafi bakwai.

Da la'asar, a bakin kogi,
mai kura yana bubbuga su da tafin hannu,
yana kira, "A kan wuƙa! Ja ce, a kan wuƙa!"
Jikana Muntazar ya ja mini riga.
Na ba shi kuɗin, na ce kada a yanka.
Ya ɗauko ta da ƙyar, ta fi ƙarfinsa,
ya rungume ta a ƙirji.

Na wuce gaba.
Har gida ina jin takunsa a bayana,
yana cewa, "Kaka, jira ni."